Rupert East da Gaskiya Ta Fi Kwabo: Abin da Adar Za Ta Ɗauka da Abin da Za Ta Bari

Tun daga watan Maris na shekarar 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, malaman makaranta da ma'aikatan gidajen rediyo da masu sha'awar rubutu suke ta ja-in-ja a kan abin da zai biyo bayan wannan doka. Muhawarar ta fi shafar wurare irin su Galma Kudawace da sauran ƙananan hukumomin gundumomin Madawa da Buza da Keita a jihar Tawa, yankin da aka fi sani da Adar, inda Hausa ce harshen gida da gona da kasuwa, amma takardar asibiti da ta kotu da ta makaranta duk da Faransanci suke zuwa. Duk inda aka yi nisa a wannan magana sai an waiwaya kudu, a tambayi yadda aka yi Hausa ta zama harshen jarida da littafi a arewacin Nijeriya tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma wanda ya bi sawun amsar zai iske sunan wani Baturen Ingila, Dokta Rupert East, wanda aka haifa a 1898 ya rasu a 1975, shi ne ya shugabanci Hukumar Talifi ta Zariya, ya kuma kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tare da Malam Abubakar Imam. Matsayin wannan sharhi a bayyane yake tun daga nan: East ma'aikacin mulkin mallaka ne, jaridarsa kuma don biyan buƙatar masu mulki aka kafa ta, amma sana'ar da ya dasa a Zariya, wato sana'ar edita, ita ce babban abin da Hausar Nijar ta rasa, kuma babu dokar da za ta cike wannan giɓi muddin ba a samar da masu sana'ar ba.

Edita, a ma'anar da ake nufi a nan, shi ne mutumin da ke neman marubuta, ya karɓi abin da suka rubuta, ya tace shi, ya daidaita ƙa'idar rubutunsa, ya yanke shawarar abin da zai fita da abin da zai jira, sannan ya ɗauki alhakin duk abin da aka buga. East ya shigo wannan aiki ta ƙofar ilimi, domin a matsayin jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka ya zo Nijeriya a shekarun 1920, ya yi aiki a ƙasar Tibi har ya ji harshensu, abin da ya ba shi damar fassara littafin tarihi da al'adun Tibi wanda Akiga Sai ya rubuta, aka buga shi da Ingilishi a 1939. A farkon shekarun 1930 aka ɗora shi a kan Hukumar Fassara, wadda aikinta shi ne samar wa makarantun boko littattafan karatu da Hausa, kuma daga ita aka sami Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka fassaro daga rubuce-rubucen tarihi na Larabci. Ba da jimawa ba aka sauya wa hukumar suna ta koma Hukumar Talifi, sauyin sunan kuwa yana ɗauke da sauyin manufa, tun da talifi shi ne mutum ya shirya sabon littafi daga kansa.

A shekarar 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, wato dogayen labaran zube waɗanda marubuci ya tsara da tunaninsa. Ya bayyana daga baya, a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936, cewa da ƙyar ya shawo kansu, saboda a wurin malaman wancan zamani alƙalami na addini ne da shari'a da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce bayan an ci tuwon dare, ba abin da dattijo zai ɓata tawada a kansa ba. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar waɗanda har yau ake karanta su a makarantu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin kansa. Abin lura shi ne yadda East ya yi da Imam bayan gasar. Ya ga ƙwarewarsa, ya nemi a ba shi aronsa daga Makarantar Midil ta Katsina inda yake koyarwa, ya zaunar da shi a Zariya a 1936, ya tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa, suka riƙa bin rubutun babi bayan babi, har aka sami Magana Jari Ce mai juzu'i uku, wanda aka fara bugawa a 1937. Wanda ya karanta littafin ya san cewa labaran sun zo daga nesa, amma muryar da ke ba da su ta Bahaushe ce tsantsa, kuma wannan shi ne alamar edita na ƙwarai: ya ba marubuci kayan aiki da lokaci da albashi, ya bar masa harshensa.

A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam yana editanta na Hausa, East yana sama da shi, kuɗinta kuwa kwabo ɗaya kamar yadda sunanta ya nuna. Kafin ita an yi wata jarida ta gwamnati tun 1932 mai harsuna uku, Ingilishi da Hausa da Larabci, amma ta fi kama da takardar sanarwar hukuma. Gaskiya ta bambanta da ita ta wajen salon magana, domin da karin magana da habaici da raha take zuwa, irin Hausar da ake ji a zaure, kuma an san cewa kwafi ɗaya yakan wuce hannuwa da yawa, mai karatu guda ya zauna a tsakiyar jama'a yana ɗaga murya, waɗanda ba su iya boko ba suna saurare suna tofa albarkacin bakinsu. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a unguwar Tukur-Tukur ta Zariya da injunan buga littattafai nasa na kansa, East ya shugabance shi har ya bar Nijeriya a farkon shekarun 1950.

Masu sukar East suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a rufe ta da yabo ba. Suna cewa Gaskiya kakakin Turawa ce, an kafa ta a jajibirin yaƙi don ta kashe jita-jitar da ake yaɗawa cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus, ta tara wa Ingila soja da gudummawa, ta kuma tare wa mutanen Arewa kunne daga jaridun kudu masu zafi, musamman West African Pilot wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. Wannan duk gaskiya ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma gwamnatin da ta yi shekaru kusan arba'in tana mulkin Arewa ba ta damu da jaridar Hausa ta jama'a ba, sai da ta ji ƙamshin yaƙi sannan ta buɗe aljihu. Haka kuma ikon ƙarshe a kan abin da za a buga yana hannun Bature, sarakuna da hukumomin En'e kuwa, wato hukumomin gargajiya da Turawa suke mulki ta hannunsu, ba a taɓa su sai da lallami. Wanda ya ce East ya zo ne don ƙaunar Hausawa kawai, ya manta wanda ke biyan sa albashi.

Amma tambayar da masu wannan suka ba su cika amsawa ba ita ce: idan jaridar kakaki ce kawai, ta yaya ta zama makarantar siyasa ga waɗanda suka karɓi mulki daga hannun Turawan? Jarida ba ta rayuwa sai da masu karatu, masu karatu kuma ba sa tsayawa a kan karatu, sai sun mayar da martani. Shafin wasiƙu ya buɗe wa malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e wata ƙofa da ba su taɓa samu ba, ta yadda mutumin Bauchi zai karanta kukan mutumin Sakkwato ya gane cewa ciwonsu ɗaya. A 1943 Imam yana cikin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tafiyar da Azikiwe ma yana cikinta, kuma ko da yake Imam ya ƙi sa hannu a kan takardar neman ƴancin kai da Azikiwe ya shirya, ya gana da Lugga, tsohon gwamnan mulkin mallaka na Nijeriya, ya kuma rubuta masa doguwar wasiƙa a kan matsalolin mulkin En'e da yadda ake danne matasa masu ilimin boko. Shi ne dai Imam ɗin da ya kasance cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, lokacin tana ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Ko waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, masu ganin Gaskiya ta cika sanyi, da haruffan da ta yaɗa suka rubuta ƙasidunsu, masu karatun da ta raina su ne suka karanta. An nemi allura, sai ga shi ta tono garma.

A ɗaya ɓangaren akwai masu wuce gona da iri wajen yabo, har su kira East uban adabin Hausa. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farko haɗari, domin yana shafe ƙarnoni na aikin malamai. Tun kafin a haifi kakan East ana rubuta Hausa da ajami, wato haruffan Larabci da aka daidaita su don rubuta harsunan Afirka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun bar waƙoƙin wa'azi da ilmantarwa da suka ratsa Gobir da Adar da Katsina, kuma a ƙasar Gonja ta Gana Alhaji Umaru na Salaga ya rubuta waƙoƙi da labaran zube da Hausa tun kafin a san da Hukumar Talifi. Marubutan gasar 1933 su kansu ƴaƴan gidajen malamai ne da masu sarauta, sun sha Larabci da tatsuniya kafin su shiga Kwalejin Katsina ko wata makarantar boko. Yabon gwani ya zama dole, amma a yabe shi a kan abin da ya yi. East ya samar da tsari: gasa, da ladan marubuci, da tacewa, da injin bugawa, da hanyar rarrabawa, da farashin da talaka zai iya. Hikimar da ke cikin littattafan kuwa ta masu harshen ce.

Batun ajami shi ne inda laifin tsarin Zariya ya fi nauyi. Ba East ne ya zaɓi boko ba, domin tun zamanin Lugga aka yanke wannan shawara, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909 ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun Hausa da haruffan Romawa a 1912. Abin da East ya yi shi ne ya ƙarfafa wannan zaɓi, yana cikin waɗanda suka tsaya har aka karɓi haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ke bambanta waɗannan sautuka da na b da d da k. An riƙa fitar da ƴan shafukan ajami don malamai, amma kuɗi da injuna da makarantu duk boko suka bi, sakamakon haka dubban mutanen da suka iya karatu da rubutu tun a makarantar allo aka wayi gari ana ƙidaya su cikin jahilai. Wannan darasi ya shafi Adar kai tsaye. A ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, makarantar allo ta riga lakwal, wato makarantar boko, zuwa da ƙarnoni, kuma har yanzu akwai dattijon da ke rubuta bashin hatsi ko sunayen waɗanda suka kawo gudummawar biki da ajami a bayan ƴar takarda. Shin za a sake cewa wannan dattijo bai iya karatu ba? Duk jaridar Hausa da za a kafa a wannan yanki, idan ta rufe ƙofa ga ajami, ta maimaita kuskuren da aka riga aka ga illarsa.

Haka zancen karin harshe yake, wato bambancin furuci da kalmomi tsakanin yankunan da ke magana da harshe ɗaya. Daidaitacciyar Hausar da Gaskiya ta yaɗa a kan karin Kano aka gina ta, shi ya sa ɗan Adar da ke cewa munka tahi, ko sunka zo, yakan buɗe littafi ya iske muka tafi da suka zo, har wani lokaci ya ɗauka Hausar gidansu ce ke da aibi. Wasu a Nijar suna ganin mafita ita ce a yi watsi da ƙa'idar Zariya a kafa wata ta daban. Wannan sharhi bai goyi bayan haka ba, kuma tarihin Nijar ɗin kansa ne hujja. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, Nijar ta bi tsarin ninka wasali don nuna tsawonsa, abin da ya sa rubutunta ya yi hannun riga da na Nijeriya, ta yadda wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci a Tawa sai ya yi ta tuntuɓe a littafin da aka buga a Zariya. Daga baya, a farkon shekarun 1980, aka dawo aka kusanto da ƙa'idojin biyu, har abin da ya rage na bambanci bai wuce ƴan ƙananan abubuwa ba, kamar harafin ƴ da Nijar ke amfani da shi. Ƙa'idar rubutu ɗaya ita ke buɗe wa marubucin Buza kasuwar Kano da Sakkwato, ta kuma kawo wa ɗalibin Keita littattafan shekaru casa'in. Abin da ya kamata a ƙi shi ne a tace kalmomin Adar da karin maganarta da sunayen tsirranta da kayan nomanta daga rubutu da sunan daidaitawa, kuma wannan hukunci ne da ke hannun edita, shi ya sa ya zama tilas editan ya kasance ɗan yankin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Me ya sa Nijar ba ta sami irin Gaskiya ba? Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ta raba Hausawa gida biyu, kuma a gidan arewa Faransa ta ɗauki manufar koyarwa da Faransanci kaɗai, ba ta ga dalilin kashe kuɗi a kan buga littafi da harshen talakawan da take mulka ba. Don haka lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, babu hukumar talifi, babu ƙwararrun editocin Hausa, babu jerin littattafai. An yi yunƙuri mai kyau bayan haka, kuma Adar tana da rabo a cikinsa. Hukumar yaƙi da jahilci ta fitar da jaridun karkara tun daga shekarun 1960, daga cikinsu akwai Ganga, da Muryar Damagaram, da Sabon Ra'ayi wadda daga Madawa take fitowa, sannan a 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a makarantun gwamnati. Waɗannan jaridu sun nuna cewa manomi yana son karatu idan abin da aka rubuta ya shafe shi. Rauninsu shi ne sun rataya a wuyan shirye-shiryen gwamnati da tallafin ƙasashen waje, ma'aikatan hukuma ne ke haɗa su a gefen sauran ayyukansu, ba su da marubutan da ake biya, ba su da littattafan labari da za su riƙe mai karatu bayan ya gama aji. Zanen aro ba ya rufe katara: ranar da tallafi ya tsaya, jarida ta tsaya, wanda ya koyi karatu kuma bai sami abin karantawa ba, a hankali karatun ya zube.

A nan ne kwatanci da Zariya ya fi amfani. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da nata yaƙi da jahilci a shekarun 1950, ta iske injuna da ma'aikata da littattafai a shirye, aka kafa NORLA, wato hukumar talifi ta Jihar Arewa, ta ɗora a kan abin da East da Imam suka bari, aka riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekaru ashirin na shiri ne suka sa yaƙin ya yi tasiri. Masu karatun da aka tara a lokacin su ne iyayen waɗanda suka tayar da adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa buga littattafansu ba tare da jiran gwamnati ba. Wannan adabi ya tabbatar da cewa Hausa tana da kasuwa, ya kuma nuna abin da rashin edita ke jawowa, domin da yawa daga cikin littattafan kasuwar sun fito cike da kurakuran rubutu waɗanda ido na biyu zai iya kamawa.

Akwai masu cewa duk wannan tsohon zance ne, zamanin takarda ya wuce, yanzu rediyo da wayar salula sun wadatar. Lallai rediyo ya yi wa Hausawan Nijar hidimar da jarida ba ta yi ba, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 har zuwa gidajen rediyon karkara na yau, kuma saƙon murya na WhatsApp ya isa ga wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. To amma a dubi manomin albasa a fadamun Madawa, ga galan ɗin maganin ƙwari a hannunsa, bayanin awon da za a zuba da kwanakin da za a jira kafin a cire albasa duk an rubuta su da harshen da ba ya ji, sai ya dogara da abin da mai shago ya gaya masa ko abin da maƙwabci ya tuna. Saƙon murya zai zauna a jikin galan ɗin? Zai zama shaidar sayen gona a gaban alƙali bayan shekaru goma? Zai zama littafin lissafi na aji uku? Harshen ƙasa yana buƙatar rubutu tabbatacce wanda za a koma gare shi, da kalmomin fannoni da aka amince da su. East ya hango wannan tun 1937, lokacin da ya rubuta maƙala a kan yadda kalmomin Turawa ke shiga harsunan arewacin Nijeriya da yadda ya kamata a bi da su. Ita ce dai matsalar da ke gaban Nijar a yau game da kalmomin Faransanci. Ko a allon waya aka buga rubutun, sai an sami wanda zai tace shi, ya tabbatar da labarin kafin ya fita, a zamanin da jita-jita ke ratsa gundumomi uku kafin a idar da sallar azahar.

Wata damuwar kuma ta ƴan ƙasa ce masu magana da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye da sauransu, waɗanda ke tsoron kada ɗaukaka Hausa ta zama danne nasu harsunan. Damuwa ce ta gaskiya, musamman a gundumomi irin su Keita da Buza inda Hausawa da Buzaye da Fulani suke zaune tare tun kaka da kakanni. Ko a nan tarihin Kamfanin Gaskiya yana da abin cewa, domin injunan da suka buga Hausa sun buga jaridar Tibi mai suna Mwanger u Tiv, wadda Akiga Sai ya yi wa edita. Injin da aka saya da ma'aikacin da aka horar saboda harshe mai yawan jama'a su ne ke sauƙaƙa wa sauran harsuna fitowa, in dai an yi niyyar hakan tun farko aka rubuta shi cikin tsarin aikin.

Saura tambaya mafi wuya, ta wanda zai biya. Tarihin Gaskiya ya nuna fuska biyu na kuɗin hukuma. Ba don shi ba da jaridar ba ta tsaya da ƙafafunta ba a lokacin da masu karatu ba su da yawa, amma kuma shi ne ya ɗaure mata harshe a zamanin Turawa, sannan bayan ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na gwamnati a 1966 ta ci gaba da zama abin da masu mulki ke juyawa, har ƙarfinta ya ragu, jaridu masu zaman kansu irin su Aminiya suka karɓe fagen. Hukuncin da ya fito daga nan shi ne hukuma ta ɗauki nauyin abin da ɗan kasuwa ba zai fara da shi ba, wato horar da editoci da masu fassara, da ƙamus na fannoni, da gasar rubutu mai lada, da sayen littattafai don makarantu, ta kuma janye hannunta daga shafin labarai da na wasiƙu. Idan jaridar Hausa a Nijar ta zama wurin buga jawaban manya kawai, za ta fi Gaskiyar 1939 rauni, domin ita aƙalla ta sami Imam, ta kuma bar masu karatu su yi magana.

Saboda haka kiran yana kan shugabannin ƙananan hukumomin Galma Kudawace da maƙwabtanta, da jami'an ilimi da na yaƙi da jahilci na Madawa da Buza da Keita, da ƴan kasuwar albasa da hatsi na yankin, da ƴaƴan Adar da ke jami'o'in Tawa da Yamai. Su haɗa hannu su farfaɗo da jaridar Hausa a Madawa, garin da ya taɓa fitar da Sabon Ra'ayi, su ɗauki edita ɗan yankin su biya shi albashin da zai riƙe shi, su ware shafin ajami da shafin wasiƙu da ba mai sa masa hannu, su kuma sa gasar ƙagaggun labarai ta shekara-shekara ga malamai da ɗalibai da matan yankin, a buga waɗanda suka yi nasara a raba wa makarantu kafin shekarar karatu ta gaba.